Hutun Zuciya Bayan Musiba

Godiya ta tabbata ga Allah Maɗaukakin Sarki, wanda Ya halicci ɗan Adam, Ya kuma san gwargwadon nauyin da wuyansa zai iya ɗauka. Tsira da aminci su ƙara tabbata ga shugaban talikai, Annabi Muhammadu, da alayensa da sahabbansa baki ɗaya.

Bayan haka, darasin wannan mako ya shafi wani haƙƙi ne wanda shari'a ta ba mutumin da musiba ta auka wa, amma jama'a suka saba tauye masa shi, ba da mugun nufi ba. Haƙƙin nan kuwa shi ne a rage masa hidima, a ɗauke masa ɗawainiya, a ƙyale shi ya taƙaita ayyukansa har hankalinsa ya komo jikinsa. Babu inda ake bukatar wannan bayani kamar ƙasar Ƙaura Namoda da Shinkafi da Zurmi, a arewacin Jihar Zamfara, inda a shekarun nan gidaje masu yawa suka yi zaman makoki, ko suka sayar da kadara don su fanso wani nasu. A watan Yuni na 2021 'yan sanda suka tabbatar da kisan mutum 53 a ƙauyukan ƙasar Zurmi, ciki har da Kadawa da Kwata da Maduba. A watan Maris na 2025 aka kwashe mutum 56 daga Banga ta ƙasar Ƙaura Namoda. Da watan Yuli ya zo, bayan an biya kuɗin fansa, mutum 18 kaɗai aka sako, galibinsu mata, aka kashe fiye da 30. Waɗannan su ne waɗanda jaridu suka ƙidaya. Abin da ba ya ƙidayuwa shi ne halin da waɗanda suka rage suke kwana a ciki.

Mai karatu ya dubi yadda aka saba yi. Mace ta fito daga hannun 'yan bindiga bayan watanni a daji, ƙafafunta a kumbure. Kafin rana ta faɗi gida ya cika maƙil da masu barka da arziki, kowa ya shigo sai ta tashi zaune ta amsa gaisuwa, kowa kuma yana so ya ji labari tun daga farko. Mako bai zagayo ba an miƙa mata muciya, domin ranar girkinta ta zo. Magidanci kuwa yakan tarar da bashin fansarsa yana jiransa a zaure. In ɗayansu ya yi shiru, ko ya zubar da hawaye, ko ya ce ba zai iya fita ba, sai a ce da shi, ina tawakkalinka, ai kai Musulmi ne. Da haka kalmar haƙuri, wadda ya kamata ta zama sanyi ga mai jin zafi, ta koma bulala.

To, tun da farko ya kamata a san cewa addini bai lasafta ciwon zuciya cikin raunin imani ba. Larabci yana da kalmomi uku waɗanda Hausa takan haɗe su ta ce damuwa. Akwai hammu, watau tsoron abin da ke tafe, asalin kalmar kuwa Larabawa suna amfani da shi ga narkar da kitse, domin haka yake narkar da mai shi. Akwai huznu, baƙin ciki a kan abin da ya riga ya wuce. Sa'an nan akwai gammu, ƙuncin da ke lulluɓe mutum a halin da yake ciki, tushensa ɗaya da gamamu, girgijen da ke rufe sama. Manomin Zurmi wanda aka kashe wa ɗa bara, yake tsoron zuwa gona bana, kuma babu hatsi a rumbu yau, ya haɗa duka ukun a ƙirji guda. A cikin hadisin da Buhari ya ruwaito daga Abu Sa'idil Khudri da Abu Huraira, Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya jera waɗannan uku a sahu ɗaya da gajiya da rashin lafiya da sukar ƙaya, ya bayyana cewa Allah Yana kankare wa Musulmi zunubai da kowannensu. Abin da aka jera tare da cuta, hukuncinsa hukuncin cuta ne. Ba a taɓa jin an ce da mai karaya ya tashi ya yi gudu don ya nuna imaninsa ba. Annabi Yaƙubu ya yi baƙin cikin rabuwa da Yusufu har idanunsa suka yi fari, kamar yadda ya zo a aya ta 84 cikin Suratu Yusuf, kuma ayar ta ambaci cewa ya juya wa 'ya'yansa baya, ya keɓe kansa daga maganarsu. Alƙur'ani bai zarge shi a kan haka ba.

Akwai wata kalma guda a cikin wani hadisi na Uwar Muminai A'isha, Allah Ya yarda da ita, wadda ta cancanci a tsaya a kanta. Buhari da Muslim sun ruwaito cewa in an yi rasuwa a danginta, mata suka taru suka watse, sai 'yan gida da makusanta suka rage, takan sa a dafa tukunyar talbina a ba su, ta ce ta ji Manzon Allah yana cewa talbina tana hutar da zuciyar majinyaci, tana kuma tafiyar da wani sashe na baƙin ciki. Talbina wani kunu ne mai ruwa-ruwa da ake damawa da garin sha'ir, wani lokaci a sa masa zuma, an kira shi haka don farinsa ya yi kama da laban, watau nono. Kalmar da aka fassara da hutarwa ita ce majamma, wasu maruwaita sun karanta mujimma. Tushenta shi ne wanda Larabawa ke amfani da shi ga doki in an bar shi ba a hau ba har ƙarfinsa ya dawo, da kuma ga rijiya in an daina ɗiba har ruwanta ya taru.

Duk matar da ta taɓa jan guga da bazara a ƙasar Shinkafi ta san wannan ma'ana fiye da ɗalibin lugga. Rijiya takan ja baya har guga ya riƙa fitowa da taɓo. Idonta bai mutu ba, amma ana ɗiba fiye da abin da yake kawowa. Babu dabarar da ta wuce a jingine guga a kwana, da asuba a tarar ruwa ya taru ya kwanta. In aka nace da zura guga, ba ruwa za a samu ba, sai dai a dagula ɗan abin da ya rage. Haka zuciyar wanda ya sha firgita take. Kowane baƙo da za ta tashi ta gaisar guga ne, kowace tambaya guga ce, kowane bashi da aka tuna masa guga ne. A lura kuma da ladabin da ke cikin maganar: ba a ce kunun yana tafiyar da baƙin ciki duka ba, wani sashe aka ce. Kuma A'isha ba ta sa a dafa shi don taro ba, sai bayan taro ya watse, ga waɗanda abin ya shafa. Sha'ir ba amfanin gonar wannan ƙasa ba ne, ba kuma za a ce kunun gero shi ne talbina ba, amma manufar a fili take: abinci mai ɗumi, mai sauƙin haɗiya, wanda wani ya dafa, a kai wa wanda baƙin ciki ya ɗaure wa maƙogwaro.

Wannan ya kawo maganar wanda ya kamata ya hura wuta a gidan makoki. A shekara ta 8 bayan Hijira aka kashe Ja'afar ɗan Abu Ɗalib a yaƙin Mu'uta, ya bar matarsa Asma'u 'yar Umais da 'ya'ya ƙanana. Abu Dawuda da Tirmizi sun ruwaito cewa Manzon Allah ya umarci a dafa wa iyalin Ja'afar abinci, dalilin da ya bayar kuwa shi ne abin da zai shagaltar da su ya zo musu. Wani hadisin ya ƙara da cewa ya saurara musu kwana uku bai zo ba, sa'an nan ya zo ya kira 'ya'yan, ya sa wanzami ya yi musu aski. Shugaban al'umma ne, ɗan'uwan mamacin ne, amma ya ba gidan kwana uku su yi kukansu. Yau an juya al'amarin. Gidan da aka yi rashi shi ne ke ciyar da gari, ranar uku, ranar bakwai, ranar arba'in, har ta kai ana sayar da akuyar marayu a sayi shinkafa da mai don gudun abin faɗa. Malamai sun daɗe suna saɓani a kan hukuncin waɗannan sadakoki, kuma wannan fili ba wurin raba gardamar ba ne. Amma waɗanda suka halatta da waɗanda suka hana duk sun haɗu a kan abu ɗaya, ba ya halatta a taɓa dukiyar maraya don ciyar da masu gaisuwa. Gidan da ya binne mutum uku rana ɗaya, kamar yadda ya faru a wasu ƙauyukan nan, in aka ɗora masa arba'in uku, wane ruwa zai taru a rijiyarsa?

Takaba ma haka. Wata huɗu da kwana goma ne ga wadda ba ta da ciki, kamar yadda aya ta 234 ta Suratul Baƙara ta yanke, mai ciki kuwa sai ta haihu. Ibada ce, kuma akwai tabbatar da halin mahaifa da kiyaye haƙƙin miji a cikinta. Amma duk wanda ya dubi hukunce-hukuncenta zai ga kusan dukkansu ragi ne. An ɗauke mata kwalliya da turare da ado, an hana maza su fito fili su nemi aurenta, an hana a tashe ta daga ɗakinta in gidan na mijin ne ko ya riga ya biya haya. Kusan kwana 130 ke nan shari'a ta kewaye ta da shinge don kada a dame ta. Sai al'ada a wasu wurare ta cika shingen da ƙaya, a ce ba ta wanka sai ranar Juma'a, a ɗanka mata wuƙa ta riƙa yawo da ita, a hana ta ɗaga murya, a tsorata ta da fatalwar mijinta. Babu ko ɗaya daga waɗannan a cikin littattafan fiƙihu. Tana wanka duk sa'ad da ta so, tana magana da mutane, tana kuma fita da rana don bukatarta, ta dawo ta kwana a ɗakinta.

Akwai mas'alar da ake yawan tambaya a wannan ƙasa, watau wadda aka kashe wa miji, garin kuma ya watse. Imamu Malik ya kawo a cikin Muwaɗɗa labarin Furai'a 'yar Malik, 'yar'uwar Abu Sa'idil Khudri, wadda mijinta ya bi sawun wasu bayinsa da suka gudu, ya cim musu a wani wuri da ake kira Ƙadum, suka kashe shi. Ta nemi izinin komawa cikin danginta, aka umarce ta da ta zauna a ɗakinta har idda ta cika. Wannan shi ne asali. Amma Furai'a tana cikin aminci ne. Malaman mazhabar Malikiyya sun bayyana cewa in mai takaba ta ji tsoro a kan ranta ko mutuncinta ko dukiyarta, ya halatta ta tashi zuwa inda za ta aminta, ta ƙarasa iddarta a can. Saboda haka wadda ta gudo daga ƙauye ta sauka a gidan 'yan'uwa a cikin garin Zurmi ko Ƙaura, ko ta tsallaka zuwa jihar Maraɗi ta Nijar kamar yadda dubban mutane suka yi tun 2019, takabarta ingantacciya ce, ba ta sakewa, babu kuma kaffara a kanta. A gaya mata haka a fili, domin da yawansu suna ɗauke da nauyin laifin da ba su yi ba.

Sai kuma maganar tambaya. A cikin Suratu Maryam, daga aya ta 23 zuwa ta 26, an ba da labarin baiwar Allah wadda ƙunci ya kai ta ga burin da ma ta mutu kafin wannan rana. Abin da aka fara yi mata shi ne aka hana ta baƙin ciki da lallashi, aka nuna mata ruwa da dabino, aka ce ta ci ta sha ta kwantar da hankalinta, sa'an nan aka ɗauke mata nauyin amsa wa mutane, aka ce in ta ga wani ta sanar da shi ta yi alwashin ba za ta yi magana ba a ranar. Azumin shiru ba ya cikin shari'ar Annabi Muhammadu, amma jerin abin koyi ne: ci, sha, natsuwa, bayani kuwa daga baya. Haka nan lokacin da munafukai suka yi wa A'isha ƙage, ta nemi izini ta koma gidan iyayenta, ta yi ta kuka ba barci. A cikin dogon labarin da Buhari ya ruwaito ta ambaci wata mace daga Ansar wadda ta nemi izinin shiga, ta zauna tana kuka tare da ita. Ba a ruwaito matar ta ce komai ba, amma A'isha ba ta manta da ita ba. Masana lafiya na wannan zamani sun iso nan ta tasu hanya. Hukumar Lafiya ta Duniya tana gargaɗin kada a matsa wa wanda ya tsira daga bala'i ya zayyana abin da ya gani, a saurare shi in ya so ya yi magana, a ƙyale shi in bai so ba. Yawancin masu tambayar nan, in za a faɗi gaskiya, ba don majinyacin suke yi ba, labari suke nema na kai wa majalisa.

Game da matan da aka keta wa haddi a daji, hukuncin a taƙaice yake. Wanda aka tilasta babu zunubi a kansa. Aya ta 106 ta Suratun Nahli ta ɗauke laifi har ga wanda aka tilasta wa furta kafirci alhali zuciyarsa tana natse da imani, malaman tafsiri kuwa sun ce a kan Ammar ɗan Yasir ta sauka, bayan azabar da ya sha a Makka. Babu haddi a kan wadda aka tilasta, aurenta yana nan, kuma mai yi mata gori shi ne mai laifi. Abin da take bukata da gaggawa asibiti ne, da mijin da zai rufa mata asiri.

Jiki kuma yana da nasa bayani. In mutum ya firgita, wasu 'yan ƙullutai da ke bisa ƙoda sukan zuba sinadarai a cikin jini waɗanda ke sa zuciya bugawa da sauri, su tsayar da narkewar abinci, su kori barci, don mutum ya iya gudu ko ya kare kansa. Rahama ce ta sa'a guda. Amma wanda ya yi watanni a ɗaure yana jiran a kira sunansa, jikinsa yakan saba da wannan hali, ya kasa kwancewa ko bayan ya dawo gida. Shi ya sa ƙarar babur da dare takan sa shi zabura, ya riƙa mugun mafarki, ya yi saurin fushi da 'ya'yansa, ya manta abin da aka gaya masa ɗazu. A 2019 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa kimanin mutum ɗaya cikin biyar na mazauna wuraren da ake rikici yana fama da wata larura ta ƙwaƙwalwa, daga mai sauƙi zuwa mai tsanani. Barci yana cikin manyan abubuwan da ke kwance wannan ɗauri. Ranar Uhudu, a shekara ta 3 bayan Hijira, bayan Musulmi sun rasa mutum 70, abin da Allah Ya saukar musu a bayan gammu, kamar yadda aya ta 154 ta Ali Imrana ta faɗa, gyangyaɗi ne, Ya kuma kira shi aminci. Abu Ɗalha ya ba da labarin yadda takobinsa ya riƙa faɗuwa daga hannunsa yana ɗauka. Don haka wanda ya dawo daga daji in barci ya ɗauke shi da hantsi, kada a tashe shi wai baƙi sun zo daga Moriki. Su jira, ko su bar sallahu. Amma fa a kiyayi sayen ƙwayoyin barci a kemis ba da umarnin likita ba. Tun 2013 hukumar nan ta ba da shawarar kada a ba wanda ya sha firgita irin su diyazefam a cikin watan farko, domin ba sa warkar da abin, ga kuma haɗarin sabo da su.

Har ibada ta nafila shari'a ta yarda a rage. Wannan ya fi wuya a karɓa, domin mutanen kirki ne ke faɗawa ciki. Wanda Allah Ya kuɓutar yakan ɗauki alkawarin azumi kullum da tsayuwar dare duka, alhali jikinsa bai gama warkewa ba. Anas ɗan Malik ya ruwaito cewa Manzon Allah ya shiga masallaci ya ga igiya a ɗaure tsakanin ginshiƙai biyu, aka ce ta Zainab ce, in ta gaji da tsayuwa sai ta riƙe ta. Ya ce a kwance, mutum ya yi salla gwargwadon nishaɗinsa, in ya gaji ya zauna. Abdullahi ɗan Amru ɗan Asi ya nace sai an bar shi ya yawaita azumi da karatu, da ya tsufa ya riƙa cewa ina ma ya karɓi rangwamen da aka yi masa. Kuma Buhari ya ruwaito daga Abu Musal Ash'ari cewa bawa in ya yi rashin lafiya ko tafiya, ana rubuta masa ladan abin da ya saba yi yana lafiya a gida. Farilla tana nan ba ta faɗuwa, a tsaye ko a zaune ko a kishingiɗe. Sallolin da suka kuɓuce a hannun 'yan bindiga kuwa a rama su gwargwadon iko, ba tare da an cutar da jiki ko an bar neman abinci ba, azumin Ramalana kuma a rama shi in ƙarfi ya dawo. Har ma Shaihu Halil a cikin Muhtasar ya tafi a kan cewa wanda ya rasa ruwa da abin taimama gaba ɗaya, salla da ramuwarta duk sun faɗi a kansa. Wanda aka ɗaure ta yadda bai iya kai hannu ƙasa ba, ya kai mas'alarsa ga malami, watakila nauyin da yake ɗauke da shi bai kai yadda yake zato ba.

Akwai wani abu kuma da ya shafi wannan ƙasa musamman. Tun sulhun da gwamnatin jiha ta yi da 'yan bindiga a 2019, da waɗanda garuruwa suka riƙa ƙullawa da kansu a bayansa, yakan faru mutum ya haɗu da wanda ya kashe masa uba a kasuwar Shinkafi ko Kasuwar Daji. Wasu sukan ce ai an yafe, sai a gaisa a ci abinci tare. Wahshi, wanda ya kashe Hamza ranar Uhudu, ya zo ya musulunta bayan cin Makka. Manzon Allah ya karɓi Musuluncinsa, bai ɗauki fansa ba, amma, kamar yadda Buhari ya ruwaito daga bakin Wahshin kansa, ya tambaye shi ko zai iya ɓoye masa fuskarsa. Mafi haƙurin talikai ke nan, shekaru bayan rasuwar baffansa, yana nisantar abin da ke fama masa miki. Wanda ya sauya hanya ko ya daina zuwa wata rumfa don wannan dalili bai saɓa wa sunna ba. Maganar haƙƙin jini da hukuncin masu fashi kuwa wani babi ne daban, kuma yana wuyan hukuma.

Sai dai kada a fahimci hutu da cewa a rufe mutum a ɗaki mai duhu wata da watanni. Rijiyar da aka daina ɗiba har abada ita ma lalacewa take yi. Abin da ake nufi shi ne a rage kaya, a bar masa kaɗan wanda zai iya: sallar jam'i a masallacin unguwa, ɗan zama da aboki ɗaya ko biyu, ba dabbobi ruwa, sa'an nan a riƙa ƙarawa sannu a hankali. Abu Zaid al-Balkhi, malamin ƙasar Khurasan wanda ya rasu a shekara ta 322 bayan Hijira, daidai da 934, ya rubuta littafi mai suna Masalihul Abdani wal Anfus, inda ya raba baƙin ciki gida biyu, wanda aka san dalilinsa, kamar rashi ko asara, da wanda ke sauko wa mutum ba dalili bayyananne, ya hana shi jin daɗin komai, wanda ya ce tushensa a jiki yake, yana kuma bukatar magani. Fiye da shekara dubu ke nan malaman Musulunci suka san haka. In wata guda ya wuce mutum bai samu sauƙin zabura da mugun mafarki ba, ko ya daina ci, ko uwa ta kasa kula da jaririnta, a kai shi ga likita tare da addu'ar da ake yi masa, ɗaya ba ya hana ɗaya. In kuwa ya fara maganar ya gaji da rayuwa, kada a bar shi shi kaɗai, kada kuma a jira gobe. Akwai asibitin ƙwaƙwalwa na Gwamnatin Tarayya a Kware kusa da Sakkwato, akwai babbar cibiyar lafiya ta tarayya a Gusau, kuma manyan asibitocin Ƙaura da Shinkafi da Zurmi su ne ƙofar farko.

Saura tambaya mai nauyi, wadda duk talaka zai yi: wa zai ci da ni in na huta? Gaskiya ce. A watan Yuni na 2024 ƙungiyar likitocin agaji ta MSF tare da ma'aikatar lafiya suka auna yara 97,149 'yan ƙasa da shekara biyar a ƙasar Shinkafi da Zurmi, suka tarar kashi 27 cikin ɗari suna fama da tamowa. Uwar da ke cikin wannan hali ba wa'azin hutu take bukata ba. Shi ya sa umarnin da ya zo game da iyalin Ja'afar ba su aka fuskanta da shi ba, maƙwabta aka fuskanta. Hutun mai musiba aiki ne a kan waɗanda ke kewaye da shi. Aya ta 280 ta Suratul Baƙara ta wajabta jinkirta wa matalaucin da ake bi bashi har ya samu yalwa, wanda kuwa ya ranta wa ɗan'uwansa kuɗin fansa ya riga ya yi babban alheri, kada ya ɓata shi da sallama a zaure kowace safiya. Masu bashi suna cikin kashi takwas da aya ta 60 ta Suratut Tauba ta ba zakka, don haka attajiran Ƙaura da Shinkafi, da Hukumar Zakka da Waƙafi ta jiha, suna da hanyar sauke wannan nauyi. Gayya ba baƙuwa ba ce a wannan ƙasa, in gonar tana inda ake iya zuwa, samarin unguwa su yi wa wanda ya dawo noman farko da maimai. Kishiya ta riƙe girki wata guda ba tare da lissafin ramuwa ba. Limami ko mai unguwa ya tsara gidajen da za su riƙa kai kwano bi da bi, ya kuma tsaya a ƙofa ya sallami masu gaisuwa da kyakkyawar magana in sun yi yawa. Kuɗin da dangi za su haɗa na shinkafar rana ɗaya ta arba'in, in aka auna gero da shi aka ajiye wa mai takaba a ɗakinta, zai iya kai ta wani wuri cikin iddarta, ta tashi da safe ba da tunanin abin da za a ɗora a murhu ba.